Gidan gona na haɗaka mai katanga da get: gandu ne ko ba gandu ba ne?

Abban Walid: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana ni sukuni kwana biyu. Mu 12 ne a wajen aiki muke shirin haɗa kuɗi mu sayi gona babba ta wajen Kura, a yanka wa kowa fuloti a gefe ɗaya ya gina gidansa, ragowar filin a bar shi ba a raba ba mu dinga noma shi tare, a zagaye duka da katanga a sa get da maigadi. Ni a wajena wannan ya fi sayen fuloti a cikin gari nesa ba kusa ba, kuma ba baƙon abu ba ne, gandu ne irin na kakanninmu kawai dai mu ba 'yan gida ɗaya ba ne. Wallahi na gaji da haya a Kurna, na gaji da jiran 'yan garuwa kullum da safe, yarana ko gero ba su taɓa gani a tsaye a gona ba. Wanda yake da ja ya fito.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ni ce mai ja ta farko Abban Walid. Kar ka ce masa gandu. Gandu fa maigida gare shi, shi zai ce yau gona kaza za a shiga kuma babu mai musa masa saboda shi ya haife su, rumbu ɗaya tukunya ɗaya, kuma duk da haka sai an ba wa kowane ɗa gayaunarsa da zai noma wa kansa don a zauna lafiya. Sannan sau nawa muka ga tsoho ya rasu ko shekara biyu ba a yi ba gandun ya watse? 'Yan uwa ciki ɗaya kenan fa. Ku 12 kowa da kuɗinsa ya shigo, waye maigidan?

Injiniya Bashir: Hajiya ai don haka ake yin kwamiti da doka a rubuce. Ni ina bayan Abban Walid. Yankin Kura da Garun Malam da Bunkure ruwan Tiga ne yake bin kanal yana shiga gonaki tun da aka yi dam ɗin a 1974, shi ya sa can ba a jiran damina kaɗai, a cire shinkafa a sa alkama ko tumatir ko albasa. Ga sauƙin haɗaka, bohol ɗaya mai sola ya ishi gida 12 maimakon kowa ya haƙa nasa, hayar tarakta sau ɗaya, taki a saya a dunƙule. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma wai katanga da gona a ciki sabon abu ne? Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ba gidaje kaɗai ta zagaye ba, har da gonaki a ciki, don ko an yi wa gari ƙawanya mutane su samu abin ci.

Garba Ɗan Kura: Injiniya ganuwa gari guda ta zagaye, talaka da attajiri duk suna ciki. Wannan kuwa mutum 12 za ta zagaye ta bar mutanen ƙauyen a waje, ba ɗaya ba ne. Ku yi haƙuri zan yi dogon rubutu don abin ya taɓa ni. Ni a can aka haife ni, zama ne kawai ya kawo ni Kano. Bayan rasuwar mahaifinmu aka sayar da gonarsa ga wani mai kuɗi daga birni saboda mun yi yawa kuma kowa da buƙatarsa, ya zo ya zagaye ta da bulo, yau ƙannena biyu ƙwadago suke yi a cikinta, sai maigadi ya buɗe musu su shiga gonar da ubansu ya binne guminsa a ciki. Kuɗin da aka raba ko shekara ba su yi ba. Ba na cewa mai sayen ya zalunce mu, da yardarmu ya saya. Amma ku san abin da katanga take yankewa. Akwai 'yar hanyar da mata suke bi zuwa ɗiban ruwa, akwai tsofaffi da suke shiga kala bayan an yi girbi su samu na tuwon kwanaki, akwai Fulani da suke sauka da shanu bayan kaka su ci kara su bar wa mai gona kashin shanu, shi ne takinsa na baɗi. Duk wannan ba a rubuce yake a takardar ciniki ba amma shi ne zaman ƙauye. Ranar da kuka toshe burtali kuwa ku da kanku kun ɗauko wa kanku rigimar da maigadi ɗaya ba zai iya tare ta ba.

Abban Walid: Malam Garba wallahi maganarka ta shige ni, Allah ya jiƙan Baba. Amma ka duba halin tsaro, ka ji abin da ya dinga faruwa a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa ta iyakar Katsina. Ta yaya zan kai iyalina bayan gari babu katanga?

Garba Ɗan Kura: Amin na gode. Yaya katanga ba ta tsayar da mai bindiga, sai ma ta nuna masa inda masu albashi suke kwana. Abin da yake tsare mutum a ƙauye shi ne maƙwabcin da zai ga baƙuwar fuska ya aiko yaro ya faɗa maka, kuma wanda ba ka zuwa sunansa ba ka zuwa jana'izarsa ba zai aiko ba.

Barista Nura: Ni ta wajen takarda zan shigo. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallakarsa, to takardar ciniki da dagaci ya sa wa hannu shaida ce mai amfani amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. Sunan wa za a sa a satifiket? In kuka sa sunan mutum ɗaya don amana, ranar da ya faɗi ya mutu a idon magadansa gonar ubansu ce. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai filin ya zama da sunanta. Kuma Injiniya, in gonar tana cikin filin noman rani na hukumar kogin Haɗeja da Jama'are to ku fara tambaya ko ma an yarda a yi gini a wurin, ruwan kanal kuma bi da bi ake sakinsa, ba don kun yi get za a ba ku naku daban ba.

Malam Auwalu: Ƙari a kan na Barista, a fiƙihunmu na Malikiyya akwai shuf'a, wato in ɗaya daga masu tarayya a filin da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokan tarayyar suna da haƙƙin karɓa a kan kuɗin da aka saya. Wannan zai taimake ku. Amma gado ba ciniki ba ne, babu shuf'a a cikinsa. Yau ku 12 ne kun san juna, nan da shekara 20 za ku iya zama mutum 70 da matan mamata da marayu, wani yana son noma wani kuɗin makaranta yake nema yau yau.

Maman Ummi: Kuma duk lissafin nan na maza ne. Kura wajen kilomita 30 ce daga gari, ku za ku shiga mota da safe ku taho ofis, mu za a bari a bayan get da yara. Wace makaranta? Islamiyya fa? Naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare sai an kamo titin Zariya kafin a zo asibitin Malam Aminu Kano. Ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023, zuwa da dawowa kullum zai cinye abin da kake cewa ka huta da biya na haya. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da titi da komai aka yi su amma sun daɗe mutane ba su tare ba, kuma sun fi Kura kusa.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne Hajiya, ban da amsarsa sai dai a ce a fara da gonar, ginin ya biyo baya a hankali.

Sadiya Gwale: Ni abin da nake tsoro shi ne shekarar asara. A 2016 da tsutsar nan sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, wanda gonarsa ce shi kaɗai ya ce ƙaddara ya haƙura, amma a haɗaka sai an nemi wanda ya ce a shuka tumatir. A Tanzaniya ma zamanin Nyerere an tara mutane a ƙauyukan ujamaa don noman haɗaka, ƙarshe kowa ya fi kula da ɗan filinsa.

Abban Walid: Anti Sadiya can tilas aka yi wa da yawansu, mu kuwa da kanmu muka zaɓi juna. Amma na karɓi ta Maman Ummi a kan gayauna, zan kai wa abokaina shawarar kowa a yanka masa gonarsa da sunansa, haɗakar ta tsaya a bohol da tarakta da sito. Katangar ce har yanzu ban iya haƙura da ita ba, ko ta gidajen kaɗai ce a bar gonar a buɗe.

Garba Ɗan Kura: To Yaya kar ku biya ko sisi tukuna. Ranar Asabar zan je gida, ka zo mu tafi tare da sassafe ka ga filin da idonka, mu gaisa da dagaci, in kai ka wajen ardo ya nuna maka ta inda shanu suke bi. Ka taho da Maman Walid ita ma ta ga wurin da ake cewa za ta zauna.