Waɗanne mods zan sa wa Skyrim a tsohuwar laftof ba tare da ta kwanta dama ba?

Abdul_Aboabo:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu buga gem ɗin Skyrim ku agaza min da shawara a kan mods, wato ƙarin fayilolin da 'yan wasa ke ƙirƙira don canza gem ɗin. Yayana da ke Jamus ne ya aiko min da tsohuwar laftof ɗinsa, ram 8, katin hoto GTX 1050 mai giga 2, kuma akwai Skyrim Special Edition a Steam ɗinsa, manhajar nan da ake sayen gem a kunna ta ciki, ya ce in ci gaba da bugawa. Wata biyu ina bugawa haka nan yadda ya zo, na kashe babban diragon Alduin na gama da ɓarayin Riften, lafiya lau, sai shaiɗan ya kai ni YouTube na ga wani ya mayar da gem ɗin kamar fim, ciyawa tana kaɗawa ruwa kamar ka sa hannu ka ɗiba ka sha. Chale ban iya barci ba.

Ranar Asabar na sayi bandul na dare na zauna tun sha biyu har aka kira assalatu a masallacin layinmu ina ta sauke duk mod ɗin da ya burge ni a shafin mods na Nexus, sun kai arba'in, na kwashe su duka na zuba cikin folda ta Data. Da na buɗe sabon wasa, keken dokin nan na farko da ke kai ka Helgen, dokin kawai ya tashi sama yana juyi kamar fanka keken ya kife, fuskar Ralof da ke zaune tare da kai a keken ta yi baƙi ƙirin wuyansa kuma fari, duwatsun gefen hanya duk sun koma shunayya, kafin mu kai ƙofar gari gem ɗin ya rufe kansa. Sau shida ina gwadawa. Data ta tafi, barci ya tafi, da safe na je shagon maigidana a kasuwar Kejetia nan Kumasi ina gyangyaɗi a kan kwali.

To yanzu me zan sa, me zan bari? Ina son ya yi kyau amma ba na son in ƙona injin.

MalamGyara_Adum:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi dariya wlh, don babu wanda bai taɓa ganin dokin nan a sama ba, kai dai sannu da shigowa. Amma ka yi gini ne ba tushe. Ka saurare ni da kyau.

Farko ka goge gem ɗin gaba ɗaya har da foldar, ka sake saukewa, na san giga goma sha wani abu ne kuma zai ci kuɗi amma tunda da hannu ka zuba fayiloli cikin Data ba ka da hanyar sanin wanne ya danne wanne. In datar ce matsala kawo laftof ɗin shago da yamma bayan la'asar akwai waifai. Kuma kar ka bar shi cikin Program Files, Windows yana yawan sa baki a wurin, ka yi masa folda daban.

Sai ka sa Mod Organizer 2 kafin komai. Amfaninsa shi ne ba ya taɓa foldar gem ɗin ko kaɗan, kowane mod yana zaune a ɗakinsa, sai lokacin da ka kunna wasa yake haɗa su, in ɗaya ya kawo rigima ka cire masa alama kawai shi ke nan. Wasu suna son Vortex don na Nexus ne kuma ya fi sauƙin shiga, ni dai ban saba da shi ba, ina son in ga da idona wa ke saman wa.

Bayan nan SKSE, abin da ke faɗaɗa sikirif ɗin gem wanda mods da yawa suka dogara da shi, kuma nan ne yawancin yara ke faɗuwa. Ka duba lambar gem ɗinka, danna dama a kan SkyrimSE.exe ka shiga bayanansa za ka gani. Tun da aka fito da Anniversary Edition a Nuwamba 2021 gem ɗin ya tashi daga 1.5.97 ya koma 1.6 da 'yan kai, ko da ba ka sayi ƙarin ba Steam ya riga ya ɗaga ka, to dole SKSE ɗinka ya zama na wannan lambar daidai, ba kusa da ita ba, daidai. Daga nan Address Library da mods na SKSE ke buƙata, sai SSE Engine Fixes mai gyara kurakuran injin gem, wanda yake da kashi na biyu da ake sawa da hannu kusa da fayil ɗin gem, mutane ba sa karanta shafin sai su zo suna cewa ba ya aiki. Sai USSEP, facin da masu son gem ɗin suka yi da kansu suka toshe ramukan da Bethesda, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta bari tun 2011, aike da ke maƙalewa, mutumin da ya kamata ya ba ka magana ya tsaya yana kallonka kamar gunki, irin waɗannan. Sai SkyUI, wannan kam in ka ɗanɗana ba ka komawa, don jakar kayan asali an yi ta ne don masu riƙe da pad, shi kuwa yana jera maka komai da nauyi da daraja har ka rubuta sunan abu ka nemo shi, kuma ta cikinsa ne sauran mods ke samun wurin saiti.

Dokin da ya tashi kuwa sau da yawa gudun hoto ne, injin gem ɗin ya ɗaure lissafin motsin abubuwa da hoto 60 a daƙiƙa, in ya wuce haka kwanoni su fara tsalle a kan tebur. SSE Display Tweaks yana maganin wannan. Shunayyar duwatsu kuma ma'anarta gem ya nemi fatar da zai lulluɓa wa dutsen bai same ta ba. Baƙar fuska mods biyu ne suka yi faɗa a kan mutum ɗaya. In ka gama ka bi da manhajar LOOT ta jera maka mods ɗin yadda ya kamata su bi juna.

Waɗannan duka ba su da nauyi, kuɗin koko da ƙosai ya ishe ka datar su. Batun ENB mai ƙawata haske da launi, da fatu masu 4K da ka gani a YouTube kuwa ka cire rai, giga 2 ba za ta ɗauka ba, na sha buɗe laftof a nan fanka ta toshe da ƙurar hunturu mai ita yana cewa wai gem ne ya lalata masa. Ka sa BethINI mai gyara saitin gem ka rage inuwa ka kashe hasken ranan nan da ke ratsowa ta bishiya, ka ɗaga bayan laftof ɗin da murfin kwalba biyu iska ta shiga.

Rabi_Tek:

Malam ya faɗi gaskiya amma duk magani ya rubuta maka babu abinci 😂 yaro ya ce yana son daɗi.

Abdul ni ma a irin injinka nake bugawa a hostal, kuma abin da na gane shi ne kyan hoto kwana uku ne idonka ya saba, wanda ke sa ka manta da lakca shi ne abin da ya canza yadda kake wasan. Tunda keken Helgen ya ba ka wuya ka sa Alternate Start, Live Another Life, za ka farka a wani ɗakin kurkuku ne gaban mutum-mutumin Mara, wata abar bauta a cikin gem ɗin, ka zaɓi ko kai mafarauci ne a daji, ko mai gida a birni, ko jirgin ruwanka ne ya nutse ka tsira da kyar. Ranar da ummata ta leƙo ta ga ina tsaye gaban abin nan sai da ta yi a'uzubillahi ta ce wannan karatun aka tura ki yi, har yau ban gama wanke kaina ba.

Sai Ordinator. Kai ma ka sani duk yadda ka rantse za ka zama mai sihiri ko mai gatari ƙarshenta kana tsugune a lungu da baka kana harbin mutane a ɓoye, to wannan ya sake bishiyar baiwa, wato ƙwarewar da kake zaɓa in ka hau lebul, gaba ɗaya da sababbi fiye da 400, har kana iya tara ƙasusuwa ka haɗa rundunar ƙwarangwal taka. Wanda ya yi shi, EnaiSiaion, shi ne ya yi Apocalypse mai sihiri 155, su biyun suna tafiya tare kamar waakye da shito kuma ba sa wahalar da katin hoto.

Amma in ɗaya tak za ka ɗauka daga bakina to Inigo. Abokin tafiya ne, Khajiit shuɗi, irin mutanen nan masu siffar kyanwa, za ka same shi a kurkukun Riften zaune ba riga da mazarinsa cikin kwalba, yana da magana sama da layi 7000, yana tsokanar Lydia mai rakiyar nan ta Whiterun, yana faɗin ra'ayinsa a kan duk kogon da kuka shiga, in akwai gizo-gizo murna yake yi. Bayan shi sauran abokan tafiya sai ka ji kamar jakin ɗaukar kaya kake ja. Ka ƙara A Quality World Map don hanyoyi su fito a taswira, da Run For Your Lives don tsofaffin ƙauye su daina fitowa da dunƙule suna dambe da diragon, na rasa maƙerin Riverwood a haka kuma abin ya ƙona min rai paa.

Kyau kuma ba a ce kar ka taɓa sam ba. SMIM yana gyara igiya da sarƙa da ganga da kujeru su daina zama kamar kwali, akwai zaɓi mai sauƙi a wurin sawa, shi ka ɗauka. A nan ni da Malam muka raba hanya, shi ko wannan ɗin ma cewa zai yi a bari.

Abdul_Aboabo:

Na gode Malam, na gode anti Rabi. Tambaya ɗaya, tsohon seb ɗina fa, wato wasan da na adana, na lebul 41, zan iya ɗora waɗannan a kansa? Akwai gidana a Whiterun cike da kaya wlh ba na son in rasa.

Kawu_Alabar:

Ɗana ka ajiye wannan seb ɗin gefe guda ka kwafe shi a filash, ka fara sabo. SkyUI da taswira ba za su cuce shi ba, amma irin su Alternate Start sabon wasa suke so. Wanda ya fi wannan muhimmanci, duk mod mai sikirif in ka sa shi ka yi seb to ya shiga jinin seb ɗin, cire shi a tsakiya ba ya fitar da shi. Ni na yi awa wajen ɗari biyu da wani Redguard nawa, na yi masa shiga irin ta mayaƙan Alik'r ɗin nan masu rawani da lanƙwasasshen takobi, in ka gan shi sai ka ce Buzu ne ya sauko daga Agadas, sai na ga mod ɗin sanyi Frostfall ya dame ni kullum mutumina yana rawar ɗari, na tsige shi haka nan ban bi hanyar kashe shi ta cikin saiti ba. Sati ɗaya lafiya, daga nan duk ƙofar da na buɗe sai gem ya tsaya. Na gwada ReSaver mai tsaftace seb ya share abin da zai iya, bai dawo daidai ba.

Kuma tunda Kumasi muke kar ka dogara da seb na F5 guda ɗaya da ke taka kansa. Batirin tawa laftof ɗin ya mutu tuntuni, rannan dumsor, wato ɗauke wuta, ya same ni daidai lokacin da gem ke rubuta seb, fayil ɗin ya lalace, Allah ya taimake ni akwai na jiya. Ka riƙa yin sabo da hannu kana barin biyar ko shida a baya.

In Skyrim ɗin kansa ya ishe ka akwai Enderal, wasu Jamusawa ne masu suna SureAI suka gina sabuwar duniya da sabon labari a kan injin, kyauta ne a Steam in kana da Skyrim, kuma yana zama daban ba ya taɓa mods ɗinka. Ni a wurina labarinsa ya fi na asalin nesa ba kusa ba, sai dai yana da nauyi, kar ka tare shi da bandul ɗin sidi biyar. Legacy of the Dragonborn mai gidan tarihi a Solitude shi ma ka bar shi tukuna, yana da faci da yawa da sai ka ƙware.

MalamGyara_Adum:

Kawu ya tuna min. Ka shiga saitin gem ɗin a Steam ka mayar da shi sai ka kunna da kanka zai yi ofdet, sannan kullum ka riƙa kunnawa ta SKSE cikin Mod Organizer, kar ka danna koren maɓallin Steam. In ba haka ba wata safiya za ka tashi lambar ta canza komai ya watse kana jiran masu mods su biyo baya. Kuma biyar biyar za ka riƙa sawa, ka shiga ka zaga Whiterun ka fita ƙofa ka dawo, in lafiya ka ƙara biyar.

Rabi SMIM ɗin na yarda, mai sauƙin dai.

Abdul_Aboabo:

To jama'a na dawo. Jiya na je wurin Malam a Adum muka sake saukewa, ya buɗe bayan laftof ɗin ya ciro wani curin ƙura kamar audugar katifa, kunya ta kama ni. Yanzu mods 14 ne, babu ENB, gem ya yi awa uku bai rufe ba kuma fankar ta daina kukan trotro mai hawa tudu. Na zaɓi farawa a jirgin da ya nutse, na fito da kyar kyarkeci biyu suka cinye ni a bakin ruwa tun ban sami takalmi ba.

Anti Rabi ina hanyar Riften yanzu. Mai gadin kurkukun zai bar ni in shiga wurin Inigo haka kawai ne ko sai na ba shi na goro?