Manajan zauren wasanni ya hana mu shiga da ƙafafun tsalle, ta ina zan ɓullo masa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Leeds ta ƙasar Ingila, kuma shekara guda ke nan da na fara wasa da ƙafafun tsalle, waɗanda ake ɗaurawa daga ƙasan gwiwa zuwa tafin ƙafa, masu lanƙwasasshen sifirin a baya da kofaton roba a ƙasa. Wani Bajamushe ne, Alexander Böck, ya ƙirƙiro su. Idan ka hau, tsayinka zai ƙaru da kusan rabin mita, wanda ya ƙware kuma yakan tashi sama fiye da mita ɗaya.

Mu biyar ne, kuma a wani filin ajiye motoci muke yi idan an tashi daga aiki. To yanzu hunturu ya shigo. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, ƙasa kullum a jiƙe, roba kuwa ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Makon jiya ɗayanmu ya zame ya yi targaɗe a wuyan hannu. Shi ya sa na je wani zauren wasanni na unguwarmu neman awa ɗaya a mako, da kuɗinmu. Na ciro waya na nuna wa manajan bidiyon wasu gwanaye suna alkafura a sama. Ko rabi bai kalla ba ya miƙo min wayar, ya ce daɓensu na katako ne, kuma inshorarsu ba ta san wannan wasa ba. Abin ya tsaya min a rai, don wasan nan shi ke fitar da ni daga ɗaki a garin da ba dangin iya ba na baba. Wa ya taɓa shawo kan irin wannan?

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bidiyon nan shi ya kashe maka kasuwa. Na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin zauren wata makaranta a Kaduna, don haka na san abin da ya gani. Kai gwaninta kake kallo, shi kuwa yaro yake gani a kwance da karyayyen wuya, da takardar tuhuma a kan teburinsa. Mai riƙon amanar wuri ba burgewa yake nema ba, so yake ya kwana da kwanciyar hankali.

Ka koma, amma ka bar wayar a aljihu. Ɗauki ƙafa ɗaya ka ɗora masa a tebur, ka juyo ƙasanta, ya taɓa robar da hannunsa. Sai dai ka tabbata sabuwa ce fil. Wadda ka taka kwalta da ita ta riga ta cinye, tsakuwa ta maƙale a jikinta, wani lokaci har kan kusa ya fara leƙowa, kuma wannan ce ke yi wa katako zane. Kowannenku ya sayi roba ta daban wadda ba za ta taɓa ganin waje ba. Daga nan ka roƙe shi minti goma a lungu ɗaya na zauren, yana tsaye yana kallo: tafiya kawai da ɗan tsalle, da hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu. In an gama, ku durƙusa tare ku duba daɓen.

Kada kuma ka nemi yammacin ranakun aiki, 'yan badminton da ƙwallon kwando sun riga ka. Tambaye shi wace awa ce zauren ke zama ba kowa.

Maman Hanif:
Ƙanena, ni a Jamus nake, kuma a nan da wuya a ba mutum ɗaya zaure, ƙungiya mai rajista ake ba. Tunda ɗalibi ne kai, ka fara ta ƙungiyar ɗaliban jami'arku. Ka tambaye su yadda ake yi wa sabon kulob rajista, da ko inshorarsu za ta ɗauki wasan. Sannan ka rubuta takarda shafi ɗaya: haɗarin da ke ciki, abin da za ku yi a kan kowanne, wa ya iya taimakon gaggawa, mutum nawa za su hau a lokaci guda. Ka kuma faɗa masa an yi wasa da ƙafafun nan a bikin rufe gasar Olamfik ta Beijing a 2008, ya san ba abin da kuka ƙaga ba ne.

Na Bakin Kasuwa:
Ku yi haƙuri, ni ina ganin manajan yana da gaskiyarsa. Duk nauyinka a kan roba mai faɗin da bai kai tafin hannu ba yake sauka, kuma idan ka faɗi, ƙarfen gefe ne zai daki katakon, ba robar ba. Me zai hana ku nemi wurin da daɓensa na roba ne, ko fili mai rufi?

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na Bakin Kasuwa, maganarka ta sa na naɗe ƙarfen gefen da tsohon tiyub na keke. Baba Koci, na koma jiya da sabuwar roba kamar yadda ka ce. Ya jujjuya ta, ya goga a ƙasa da ƙarfi, ya sunkuya ya duba, bai ga komai ba. Babban zauren dai ya ce a'a har yanzu, amma akwai ƙaramin ɗaki mai daɓen roba a baya, ba mai shigarsa ranar Lahadi da safe. Ya ce in kawo takardar inshora da wadda Yaya Maman Hanif ta ambata, sai ya kai wa shugabanninsa. Silin ɗin ne ban auna ba tukuna, gobe zan je da tef.