Maye gurbin grep da ripgrep: shawarwarin masu aikin Linux a Gusau

Masu rubuta manhaja a nan Gusau sun tafka muhawara kan ko ya dace sabuwar manhaja ripgrep ta gaji grep, manhajar neman kalmomi a cikin fayiloli wadda Ken Thompson ya rubuta tun 1973. Ga abin da na tsinta.

An fi ja-in-ja a kan awon sauri. Ripgrep, da Andrew Gallant ya fitar a 2016, tana tsallake ɓoyayyun fayiloli da duk abin da aka lissafa a .gitignore (fayil mai jerin abubuwan da ake so a ƙyale), kuma tana binciken fayiloli da yawa lokaci guda. Ita grep duk abin da ka nuna mata sai ta karanta. Gwada su haka nan tamkar tseren mai ɗauke da buhu ne da wanda ke hannu rabbana. Shawara: a sa wa ripgrep -uuu, zaɓin da ke hana ta tsallake fayiloli, domin aikin ya zo ɗaya, sannan a maimaita gwajin, tunda karo na biyu daga ƙwaƙwalwar kwamfuta ake karantawa, ba daga faifai ba.

Wani ya ce a sa LC_ALL=C, saitin da ke kashe tsarin harshe na kwamfuta, grep za ta ƙara gudu. Gaskiya ne, amma mu masu Hausa mu kula, a wannan yanayin -i, zaɓin da ke ɗaukar babban harafi da ƙarami a matsayin ɗaya, ba ta haɗa Ƙ da ƙ. Ka nemi "ƙasa" ka rasa "Ƙasa". Wannan ya fi damuna fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Masu kula da sabobi (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) suka dage a bar grep a mazauninta, domin tsofaffin umarnai sun dogara da ƙa'idar POSIX, ta bai-ɗaya ga tsare-tsare irin su Linux, wadda ripgrep ba ta bi. Ina tare da su. Mai son ripgrep ya girka ta gefe, ya kira ta da sunanta, rg.