Daga Fitilar Ƙasa Zuwa Ƙwan Lantarki

Ɗan Auta:
Baba, gaisuwa nake, da ƴar tambaya,
Kan hasken ɗaki, in ji ta bakin manya.
An ce kyandir ne mafarin wannan hanya,
Rumawa na yin sa da kitse, har ya zaga duniya.

Baba Dattijo:
Ɗana, kyandir baƙo ne gare mu,
Fitilar ƙasa muka sani tun fari.
Ɗan kasko ne da maginiya ta gasa,
A zuba man gyaɗa ko na kaɗe, ba ƙari.
Kaka ta murza auduga a cinya,
Ta kwantar da lagwani bisa tsari.
A alkuki take zama, bango ya yi baƙi,
Nan take kaɗi har ta cika mazari.
Almajirai kuwa kara suke tarowa,
Su hura wuta su kewaye ta a sarari.
Da harshenta ake biya allo,
Har kolo ya girma ya zam gwani a gari.

Inna:
Malam, ka bar mu a man gyaɗa,
Ga aci-bal-bal nan tana tahowa.
Tun da aka haƙa rijiyar mai a Amurka,
A 1859, kananzir ya yi ta yaɗuwa.
Maƙeri ya yanka gwangwani ya liƙe,
Mai ƙosai ta kai dare tana suya da sayarwa.
Hayaƙinta kam sai wanda ya kwana da ita,
Da safe hanci baƙi ƙirin wurin fyacewa.
Fitilar ƙwai ita ce ta ɗakin amarya,
Da toka da tsumma ake gogewa.
Yaron da ya fasa ƙwan nan da magariba,
Gidan maƙwabta zai nufa don ɓoyewa.

Yaya Babba:
Inna, ranki ya daɗe, ga nawa,
Bari in ɗora daga zuwan lantarki.
Edison a Amurka, shekarar 1879,
Ya kunna ƙwan da ya jima yana aiki.
Swan na Ingila shi ma ya yi nasa,
Ƙonannen zare a kwalba, ba iska ciki.
Legas ta ga wuta a 1896,
Madatsar ruwan Kainji a 1968 ta kawo ɗauki.
Yau ga sola bisa rufin kwano,
Rana ta cika batir, dare ya haska ɗaki.

Inna:
Ƴata, Kainji birni take haskawa,
Ƙauyenmu ko falwaya ba ta samu kafuwa.
Ungozoma da tocila cije a haƙori,
Haka ta karɓi jikata daren haihuwa.
Ɗan Auta, kai da ke karatun injiniya,
Nawa sola take, mu san abin tarawa?