Wa ya taɓa taka keke zuwa wani wurin tarihi ta hanyar ƙauye?

Mai Rali, daga Kano

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na jingine babur, na jawo tsohon keken mahaifinmu ƙirar Rali daga cikin tarkacen zaure aka yi masa garambawul. Da farko wurin aiki ne kawai da kasuwa. Da ƙafa ta saba, wata Asabar bayan sallar asuba na ce bari in ga iyakar ƙarfina. Na miƙi hanyar Zariya har Kura, raina a hannu, don direbobin tirela ba su san da zaman mai keke ba. Amma da na sauka daga kwalta na hau gefen magudanar ruwan noman rani ta wajen Kadawa, sai na ji kamar an kashe rediyo. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga yana bin gefena a hankali, balbelu sun yi fari a gonakin shinkafa, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da wani yaro can yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye. A Kano aka haife ni, amma ban taɓa sanin akwai irin wannan shirun kusa da mu ba.

Yanzu so nake in haɗa biyu: hanya mai shiru, wadda ƙarshenta akwai abin tarihi. Wanda ya taka feda da ƙafarsa nake son ji, ba mai "an ce" ba.

Bakatsine

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na je Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, kamar kilomita 30 da 'yan kai gabas da birnin Katsina. Mu uku muka tashi, lokacin kaka, an yanke gero an jera dammuna a gonaki. Mun bi hanyar Daura da sanyin safiya, daga baya muka ratse muka kama hanyar ƙasa.

Kada ka sa ran ganin gini ko hasumiya irin Gobarau. Tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki, wanda bai sani ba zai wuce ya ɗauka juji ne da ya daɗe. Kaburburan Durɓawa ne, waɗanda suka riƙe sarautar ƙasar kafin zamanin Sarki Korau. Bature Palmer ya sa an tona a 1907, aka sake tono a 1992, aka samu kayan tagulla da na hauren giwa da zinariya tare da mamatan. Wato mutanen nan suna da hulɗar fatauci da ƙasashe masu nisa tun ba a yi mafarkin kwalta ba.

Ga inda muka yi wauta. Muna isa, ba sallama ba gaisuwa, muka jingine kekuna a gindin wani gawo muka fito da wayoyi muna ɗaukar hoto. Ba a yi minti goma ba sai ga matasa biyar, biyu da gora. Babu wanda ya ɗaga murya, amma ka san irin kallon. A wannan zamani na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, baƙo uku da waya a bayan gari ba abin wasa ba ne, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Suka ce mu zo mu ga mai gari. Muka tura kekuna a ƙasa kamar ɓarayin akuya, yara na biye da mu.

Dattijon yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Muka cire takalma muka durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure, ɗoki ne ya ɗebe mu." Ya tambayi unguwarmu a Katsina, ya tambayi sunan mai unguwarmu, ya yi shiru yana kallon ƙurar da ke ƙafafunmu. Sai ya yi dariya ya ce mugu ba ya wahalar da kansa haka. Ya sa aka kawo fura a ƙwarya, ya haɗa mu da wani tsoho ya zagaya da mu, ya nuna mana tuddan da mu kaɗai ba za mu taɓa gane su ba. Da mun fara ta ƙofar gidansa da ba a yi wannan tonon silili ba.

Mai Faci

Ku da kuke ta maganar shiru da tsuntsaye, ku zo in gaya muku abin da ke jiran ku: tsidau. Bayan damina ya bushe ya cika gefen hanya da burtali, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta zaunar da kai. Kada ka fita ba famfo, sholisho, tsohon tib na yankan faci, da cokulan cire taya. In ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa kafin ka mayar, galibi ƙayar tana nan maƙale, kana hawa ta sake hudawa. Sannan waɗannan kekunan masu siririyar taya na 'yan tsere, ku bar su a gari. A yashi Finis da Rali sun fi su mutunci. In ka shiga rairayi rage iska kaɗan, in ya yi zurfi sauka ka tura, ba gazawa ba ce.

Malamin Firamare, daga Jigawa

Ɗan'uwa Mai Rali, in dai ka amince da sa keke a saman mota, to zo Birnin Kudu. Daga Kano da nisa, ba tafiyar feda ta yini ɗaya ba ce ga irinmu, amma in ka sauka a garin sauran duk na keke ne. Duwatsun suna kewaye da gari, hanyoyin da ke tsakaninsu na masu zuwa gona ne da makiyaya.

Na je Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Zanen yana ƙarƙashin dutse, inda ya yi rumfa, shi ya sa ruwan sama bai wanke shi ba. Da na shiga ban ga komai ba, don idona ya sha rana. Sai da na tsuguna na ɗan jima, sannan shanu suka fara fitowa a jikin dutsen, da jan launi, wasu da dogon ƙaho. Abin da ya tsaya mini shi ne da yawansu ba su da tozo. Ka duba garken da ke kiwo a gindin dutsen a yau, kowace da tozonta, ka ɗaga kai ka ga na jikin dutse babu. Ashe shanun ƙasar ma sun sauya.

Akwai kuma duwatsu masu amo. Wanda ya raka ni ya ɗauki wani ɗan dutse ya buga, sai ka ji ƙara kamar ƙarfe, kowane gurbi da irin muryarsa, kuma guraben sun yi sulɓi saboda daɗewar bugu. Ya ce a da har amare ake kawowa wurin kafin biki. Wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar kayan tarihi, don haka nemi mai gadi, kada ka shiga gaban kanka. Abin da ya ɓata mini rai shi ne sunayen da wasu samari suka rubuta da gawayi a jikin duwatsun yankin. Kai wane ne da sai an san ka zo?

Alhajin Kanti

Ni dai tambaya gare ni. Ranar da na hau keke zuwa masallacin Juma'a, kafin la'asar mutum uku sun zo yi mini jaje, ɗaya har yana tambaya ko in yana da abin da zai taimaka. Surukata ta aiko a ji ko lafiya. Ku yaya kuke yi da bakin mutane?

Mai Rali

Alhaji, ka sayi hular kwano da riga mai ƙyalli. Da zarar sun gan ka da su sai su ce motsa jiki kake yi, likita ne ya sa ka. Babbar riga a kan keke ita ce ke jawo jaje.

Maman 'Yan Biyu, daga Zariya

Ni ban hau ba, kun san yadda abin yake a wurinmu, amma ina da abin faɗa. 'Ya'yana maza biyu suka dame ni sai sun je Dutsen Kufena da kekunansu. Babansu ya ce a bar su, ni kuwa na ce sai dai in bi su. Haka aka yi, suna gaba ina biye a Keke Napep kamar mai rakiyar amarya.

Ta Wusasa muka bi. A nan suka tsaya suna kallon tsohuwar cocin nan ta 1929, wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa. Ƙaramin ya ce, "Umma, wannan ai kamar gidan sarki." Na gaya musu a garin nan Janar Gowon ya tashi, ba su yarda ba sai da mai Napep ya sa baki. Daga nan dutsen yana gabanka, ba ka bukatar mai nuni. A gindinsa muka ci ɗanwaken da na ƙullo, na ba su labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina iya abin da na riƙe daga makaranta. Babban ya ce to saura garin Turunku. Na ce wannan kam a'a, ba yanzu ba, sai hanya ta yi kyau.

Shawarata ga masu ɗaukar yara: ruwa ya fi abin da kuke zato, kuma ku juyo kafin azahar. A dawowa ƙaramin kuka ya sa, muka ɗora shi da kekensa a Napep.

Ɗan Daura

Bakatsine, da kun ƙara himma ai da kun iso mu. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an yi mata ɗaki, za a ba ka guga ka ja ka sha da hannunka. Labarin kowa ya san shi: macijin da ake kira Sarki, ba a ɗibar ruwa sai Juma'a, Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe shi da dare, ya auri Daurama. Amma gaskiya daɗin keke ba a cikin gari yake ba. Ka sha ruwan ka gaida fada, sannan ka fita ta hanyar Zango ka ratse cikin ƙauyuka. Ƙasar a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Sai dai da hunturu, in ka nufi gabas da safe, iska a ƙirjinka take, kana takawa kamar ana riƙe da kariyar kekenka. Ka fara da wahalar, a dawowa ita za ta turo ka gida.

Badamagare

Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan tafiyarmu Zinder zuwa Mirriya ce, kilomita 18. Mukan tashi daga unguwar Birni, gaban fadar Sultan, mu ratsa lungunan nan masu gidajen zane da manyan duwatsu a tsakanin gidaje. Ragowar ganuwar da aka yi zamanin Sultan Tanimun tana nan wuri-wuri, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Mutane suna mantawa nan ne babban birnin Nijar har 1926, kafin a mayar Yamai. Da ka fita gari sai fili da rana, shi ya sa in ka hango garake da kukokin Mirriya sai ka ji ƙafa ta sami sabon ƙarfi. Ku 'yan Najeriya in za ku zo, ku riƙe takardunku, jandarma ba ya jin "yawon buɗe ido muka zo".

Bakatsine

Ɗan Daura, mun ji, sai dai kai za ka yi mana masauki. Abu ɗaya da ban faɗa ba ɗazu: kafin ka fita, tambayi direbobin tasha da masu zuwa cin kasuwar ƙauye halin da hanya take a makon nan, ba a bara ba. Akwai sassan jiharmu, musamman yamma ta wajen dajin Rugu, da ko kyauta aka ba ni keke mai giya ba zan nufa ba. Kada ka tafi kai kaɗai, a san inda ka nufa a gida, kuma magariba ta same ka a kan kwalta.

Mai Rali

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawara zan fara da na kusa. Ina son zuwa Dutsen Santolo ta wajen Dawakin Kudu, wurin da Sarki Yaji ya ci da yaƙi tare da Wangarawa. Kullum Dala muke hawa, wannan kuwa ban taɓa ganin sa ba. Asabar ta sama in Allah ya kai mu, bayan asuba. Na riga na sayi goro na gaisuwar mai gari, Bakatsine ya koya mini hankali. Mutum biyu sun ce za su zo. Malam Mai Faci, ko za ka bi mu? Kuɗin fura a wuyana.

Mai Faci

Zan zo, amma kawo Ralin nan ranar Alhamis in duba birki da sarƙa. Keken da ya shekara ashirin a zaure, ban yarda da tayarsa ta baya ba.