Turbo sabo fil, amma salansa sai shuɗin hayaƙi

Sabon Shiga: Assalamu alaikum manyanmu. Na ɗora turbo a kan injin da bai zo da shi ba, mai fistin huɗu, lita 1.8. Yau sati biyu. Motar tana ja yadda nake so, amma da na tsaya a silo, wato inji na aiki mota ba ta tafiya, kamar minti biyu sai shuɗin hayaƙi ya fara bi ta salansa, in na taka totur ya turnuƙe, sannan ya ɗauke. Na kwance tiyon intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa inji, na tarar mai ya jiƙa cikinsa. Wanda ya yi min aikin ya ce sil ɗin turbon ne ya mutu, wai in sayi wani. Wane iri za ku ba ni shawara in saya? Kuma na ji ana cewa a sa ristirikta, wato ƴar hudar da ke rage man da ke shiga turbo, a tiyon mai, gaskiya ne?

Sifana Goma: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Turo hoton tiyon da ke mayar da mai ƙasa, daga gindin turbo har inda ya shiga kasko, wato mazaunin mai da ke ƙasan inji.

Mai Jar Mota: Turbon naka, shaf ɗinsa a kan bushin yake juyi ko a kan boris? In ba ka faɗa ba, duk wanda ya ba ka amsa kan ristirikta canka ya yi.

Sabon Shiga: Mai bushin ne, Hajiya. Hoto sai da safe, motar tana gareji.

Baba Mai Walda: Ɗana, zauna ka ji abin da ya same ni, don hanyar da ka ɗauko na bi ta har ƙarshenta. Turbo uku na ɗora wa mota ɗaya, kuma cikin ukun babu wanda ya zo da laifi.

Na farko ya fara hayaƙi kamar naka. Aka ce sil, na yarda, na sayi wani. Kwana huɗu hayaƙin ya dawo. Sai wani ya ce ai mai ne ya yi masa yawa, a tsuke hanyar. Muka samo noti mai ƴar huda wadda da ƙyar allura za ta shige, muka ɗaura a bakin shigar mai. Hayaƙi ya ragu kuwa, na yi ta murna. Ban cika wata ba na fara jin wani kuka siriri in na taka, ba irin fiton da muka sani ba. Da muka sauke shi na kama kan shaf ɗin da yatsu biyu, sai ga shi yana rawa sama da ƙasa, fuka-fukan gaba sun kankare bangon gidansu har sun yi ƙyalli. Muka warware cikin, daidai inda bushin ke zama shaf ya koma shuɗi saboda zafi. Yunwar mai ce ta kashe shi, kuma da hannuna na sa masa ita.

Sai a na uku ne wani dattijo da ya daɗe yana gyaran manyan motocin dizal ya leƙa ƙasan motar, ko turbon bai kalla ba. Ya bi tiyon dawowa da hannu ya ce, "Wa ya koya wa mai hawa tudu?" Ashe tiyon ya sauka, ya yi ciki kamar igiyar shanya, ya ɗan ɗago, sannan ya shiga kasko, kuma hudar da muka yi wa kaskon tana ƙasa da inda mai ke kwanciya. Ƙari a kan haka tiyon ruwa ne muka sa, irin na lagireto. Da na yanka shi gida biyu na ga fatar cikinsa ta kumbura ta yi laushi, ƙaramin yatsana ma bai shiga ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, mai yana shiga turbo da ƙarfin famfo, amma babu abin da ke turo shi waje. Nauyinsa kaɗai ke saukar da shi. Kuma ba ya fitowa yadda ya shiga, shaf ɗin da ke juyi sama da sau 100,000 a minti ya riga ya kaɗa shi ya zama kumfa, kumfa kuwa tana son hanya mai faɗi. In hanya ta toshe sai ya taru a cikin gidan tsakiya na turbon har ya kai tsayin shaf, daga nan ya tsiyaya baya ya ƙone a salansa, ya tsiyaya gaba ya shiga intakula. Abin da muke kira sil ɗin nan ma ba roba ba ne. Ɗan zoben ƙarfe ne mai tsaga kamar ringin fistin, babban aikinsa hana iska da hayaƙi shiga gidan tsakiya. Ba a yi shi don ya tare tafkin mai ba.

Muka sauke kasko, na yi waldar sabon baki can sama, muka sa tiyon mai na gaske miƙaƙƙe. Turbo na ukun nan da aka riga aka yanke masa hukunci, shi ne a motar har na sayar da ita. Har yau in na tuna na biyun raina yana ɓaci.

Totur Ƙasa: Baba, uku fa? Da ni ne, daga na biyu zan koma keke.

Baba Mai Walda: Kai da ko keken sai ka ɗora masa turbo.

Sifana Goma: Baba ya gama magana. In ƙara da awo kawai: a ma'aunin girman tiyo da kawunansa da ake kira AN, tiyon shiga AN 4 ya isa, na dawowa kada ya gaza AN 10. Lambar kashi sha shida na inci take ƙirgawa, wato 4 rubu'in inci ke nan, 10 kuma 5/8, wajen milimita 16. Sai dai a lura, wasu kawunan masu araha sunansu 10 amma hudar cikinsu ta fi haka tsukewa. Ku riƙa leƙawa kafin ku ɗaura.

Mai Jar Mota: Tunda mai bushin ne, bar maganar ristirikta sai ka sa geji ka ga ƙarfin man ya wuce kima. Bushin a kan mai yake iyo, in ka rage masa ka cuce shi. Mai boris ne ke son kaɗan. Kamfanin turbo na Garrett sun ce nasu masu boris su samu ƙarfin mai psi 40 zuwa 45 a bakin shiga lokacin da inji ke iyakar gudunsa, kuma huda mai inci 0.040, kusan milimita ɗaya, ita ce ta saba bayar da haka. Mutane suna jin wannan lambar sai su kwashe ta su ɗora wa kowane turbo.

Injiniya Ƙarami: Anti, don Allah a riƙa faɗa da bar, gejina ba ya jin psi.

Mai Jar Mota: Wajen bar 3 ne, ƙanena.

Kurman Gareji: Ni ban yarda a ɗora wa turbo ko tiyonsa laifin duka ba. Hayaƙi bayan an daɗe a silo, sil ɗin bawul ma yana yin haka sak. Injin nan shekararsa nawa? An taɓa yi masa obahol? Kafin a ɗora turbo yana shan mai ko ba ya sha?

Sabon Shiga: Ba ya sha, Oga. Daga juye zuwa juye ban taɓa ƙari ba.

Kurman Gareji: To ka duba numfashin injin. Ka tayar, ya yi zafi, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a kan bakin ba tare da ka murɗa ba. In yana tsalle yana huci kamar zai tashi, iskar da ke tsallake ringi ta cika cikin injin. Tiyon dawowa a wannan ɗakin yake zubewa, in ɗakin cike yake da iska mai ba zai sauka ba ko da tiyon ya kai faɗin hannu. Da yawa in sun ɗora turbo sukan bar bawul ɗin numfashi na asali a manifol na shigar iska, bus, wato matsin iskar turbo, ya zo ya bi ta nan ya hura injin, ko kuma su toshe shi gaba ɗaya. Duk biyun hayaƙi ne. Man da ka gani a intakula ma zai iya zama daga nan ya fito, in an mayar da tiyon numfashin gaban turbo.

Sifana Goma: Wannan gaskiya ne. Kuma ka ja sandar awo. Na ga wanda ya zuba mai ya wuce layi da rabin lita, man ya rufe bakin dawowa.

Totur Ƙasa: Ni dai shawarata a sa turbo taima a huta.

Injiniya Ƙarami: Me ya haɗa taima da hayaƙin silo? Taima barin inji yake yi ya ɗan yi aiki bayan ka zare makulli.

Totur Ƙasa: Ai shi ke hana mai ƙonewa a ciki. In ka zo da gudu ka kashe nan take, man da ya tsaya a kan shaf dahuwa yake ya zama gawayi, gawayin ya ci bushin da zoben. Ƙarya na yi?

Injiniya Ƙarami: Ba ka yi ƙarya ba, amma cutar wani ka kawo wa wani magani. Nasa sati biyu ne, yaushe ya tara gawayi? Kuma in turbon mai shan ruwa ne, aka ja tiyoyin ruwan daidai, ruwan yana ci gaba da zagayawa da kansa bayan an kashe, mai zafi ya hau, mai sanyi ya biyo. Ni minti biyun ƙarshe kafin in isa nake tafiya a hankali, shi ke nan.

Totur Ƙasa: Shekara shida ina da taima, turbona bai taɓa tari ba.

Injiniya Ƙarami: Ni ma shekara shida ba ni da shi, nawa bai taɓa tari ba. Sai a raba mana gardama.

Mai Jar Mota: Ku biyun nan kullum sai kun yi. Ku buɗe naku zauren.

Alhajin Dizal: Tunda ana maganar huda kasko, ina roƙonku da girman Allah ku sauke shi kafin ku huda. Na san dabarar da ake yi, a shafa giris a bakin dirila wai ya kama ɓarɓashi, a zuba mai a wanke. Na yi ta sau ɗaya don ina gaggawa. Bayan kwana kaɗan fitilar mai ta fara ƙiftawa a silo. Da muka sauke kaskon da na ƙi saukewa tun farko, rariyar famfon mai cike take da ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, wani har ya wuce ya zana famfon. Aikin awa biyu na guje wa, na ƙare da sauke inji.

Sannan wurin da za ku ɗebo man. Yawanci daga ramin suwic ɗin fitilar mai ake ɗauka, ba laifi, an riga an tace shi a nan. Amma kada a jera mahaɗi mai baki uku na tagulla, a ɗora suwic, a ɗora na geji, duk su rataya a jikin inji. Girgiza tana karya shi daga wuyan zare, kuma ranar da ya karye mai zai fita da ƙarfin famfo kusa da manifol mai zafi. Ku ja gajeren tiyo ku ɗaure mahaɗin a jikin bodi. Ko ku sa farantin nan da ake sakawa tsakanin filta da inji, sai dai ku tabbatar bakin da kuka ɗauka na man da ya riga ya bi ta filta ne, don ba duka aka yi su iri ɗaya ba.

Sifana Goma: Alhaji, a ƙara da farin tef na masu famfo. Kan AN ba ya buƙatarsa, a goshinsa mai digiri 37 yake kamawa, ba a zare ba. Ɗan yagen tef ɗaya ya isa ya toshe hudar milimita ɗaya. Haka gam ɗin gasket a bakin dawowa, in ka matse sai ya tsatso ciki ya cinye rabin hanya. Gasket ɗin takarda busasshe ya wadatar.

Ɗan Kwali: Afuwan na shigo tsakiya. Nawa turbon a can ƙasa zan ɗora shi, kusan daidai da kasko, babu wuri a sama. Yaya zan yi da dawowa?

Baba Mai Walda: Sai famfon tsotsa na lantarki, ɗana, da ɗan ƙaramin tanki a gindin turbon. Masu ɗorawa a bayan mota ma haka suke yi. Ka sayi wanda aka yi don zafin baƙin mai, kada ka sa na fetur. Ka haɗa shi yadda zai ɗan ci gaba da aiki bayan an kashe inji, in ba haka ba man da ya rage zai kwanta a ciki, da safe ka tashi da hayaƙi.

Ɗan Kwali: In famfon ya mutu a hanya fa?

Baba Mai Walda: Na bayanka zai riga ka sani. Sa masa fitilar gargaɗi a dashbod.

Sabon Shiga: Barkanmu da safiya. Ga hotunan. Na kuma gwada murfin mai kamar yadda Oga ya ce, bai yi tsalle ba, ɗan motsi kawai.

Sifana Goma: Subhanallahi. Duba gwiwar nan da ke manne da gindin turbo, lanƙwasa ce mai digiri 90 cif, mai na fitowa sai ya ci karo da bango. Daga nan kuma tiyon ya kwanta kusan a miƙe har kasko.

Mai Jar Mota: Gidan tsakiyar ma a karkace yake. Bakin shiga ya kamata ya kalli sama, na fita ya kalli ƙasa, karkatar kada ta wuce digiri 15. Naka ya kusa ninka haka. Sassauta notocin gidajen biyu, na gaba da na baya, ka juya shi, ba sai ka sayi komai ba. In ka gama, kafin ka tayar, zuba mai kaɗan ta bakin shiga ka juya fankar da yatsa, ka cire fiyus ɗin famfon fetur ka yi ta ba shi ki har fitilar mai ta mutu.

Kurman Gareji: Kuma kada ka tsorata in ya ci gaba da hayaƙi kwana ɗaya ko biyu, man da ya kwanta a salansa ne ke ƙonewa. Intakula kam sauke ta ka wanke.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma tiyon dawowar, na roba mai jure mai zan sa ko mai saƙar waya? Zai wuce kusa da manifol.

Alhajin Dizal: Bututun ƙarfe daga sama, roba daga ƙasa inda zafi ya ragu.

Sifana Goma: A'a Alhaji, mai saƙar waya da rigar zafi ya fi, ba ya tsagewa da girgiza.

Alhajin Dizal: Duk motar da ta fito daga kamfani da turbo, leƙa ƙasanta ka gaya min me ka gani.

Totur Ƙasa: Wai har yanzu ba wanda zai ce masa ya sa taima?

Ɗan Kwali: Baba, tankin nan na gindin turbo, shi ma yana son hudar numfashi ko a rufe shi ruf?