Aikin kamfani ko komawa jami'a? Labarin Ben Feringa ya tsaya mini a rai

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Kimistiri na karanta, watan jiya na gama bautar ƙasa. Wani kamfanin fenti a Kakuri ya kira ni aiki a ɗakin gwaje-gwajensu, ni kuwa raina yana kan digiri na biyu da koyarwa. Hajiyarmu ta ce in karɓa, ƙannena huɗu suna makaranta. Wani malaminmu ya taɓa ba mu labarin Ben Feringa, masanin kimistiri ɗan ƙasar Holan, wai a Shell ya fara kafin ya koma jami'a har ya ci kyautar Nobel. Don Allah masu sani, da gaske in an shiga kamfani ana dawowa?

Malama daga Malali:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Labarin haka yake, sai dai akwai abin da aka tsallake. Feringa ɗan manoma ne, haihuwar 1951, su goma iyayensu suka haifa. Sai da ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Groningen a 1978 sannan ya shiga Shell, ya yi aiki a Amsterdam da Ingila. A 1984 ya koma Groningen koyarwa, 1988 ya zama farfesa. Ka ga da takardarsa a hannu ya tafi, kuma bincike aka ɗauke shi yi.

Aikin da ya jawo masa Nobel ta 2016, wadda suka raba da wasu masana kimistiri biyu, Sauvage da Stoddart, a jami'a aka yi shi. A 1999 shi da abokan bincikensa suka haɗa ƙwayar sinadari wadda in haske ya same ta sai ta riƙa juyawa gefe guda kamar inji. Shekara 15 ke nan da barinsa Shell.

Baba na Kakuri:
Ɗana, shekara 19 na yi a sashen rini na wata masaƙa har aka rufe ta. Kullum ina cewa baɗi zan koma karatu, ga aure, ga kuɗin haya, baɗin ba ta zo ba. Har yau abin yana damuna. Ban ce ka ƙi maganar mahaifiyarka ba, ka karɓi aikin. Amma ka tambaye su: awon kauri da launi kaɗai za ka riƙa yi, ko za su bari ka sa hannu a haɗin fentin? Kuma ka sayi fom bana, kada ka jira albashi ya yi maka daɗi.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Malama, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan je in yi musu wannan tambayar. Wa ya san lokacin da ABU ke buɗe fom ɗin digiri na biyu?